Zaɓen Babur da Saita Shi Don Hanyoyin Bakin Tafkin Kainji

Yaron da ya samu babur ɗinsa na farko abu uku yake fara yi masa, kuma duk ukun ɓarna ce. Zai kai salansa wurin mai walda a huda masa ita don ta riƙa ƙara. Zai cire soson da ke tace iska, wai don inji ya sha numfashi. Sannan ya ɗaura ƙaramin sifiroket a baya don allurar gudu ta ƙara hawa. A kan kwaltar da ta taso daga Kontagora ta ratsa Yelwa ta nufi Koko, sai ya ga kamar ya yi dabara. Ranar da ya sauka daga kwalta da buhunan albasa a bayansa, ya tarar da rairayi ya tare hanya, ranar babur zai nuna masa bai ji daɗin abin da aka yi masa ba. Don irin waɗannan samari, da 'yan kabu-kabu sababbin shiga, da yaran da ke koyon aiki a garejojinmu na rubuta wannan jagora.

Ƙasarmu ita ke faɗin irin saitin da ya dace. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 bakin ruwa bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Tafkin yakan cika ya batse, sannan ya ja baya da rani har zuwa farkon damina, ya bar fili mai faɗi na laka wadda samanta ya bushe, ƙasanta kuwa ɗanye. Mai zuwa Wara ko Libata a ƙasar Ngaski, ko ƙauyukan Shanga da ke gefen kogi, a tafiya guda zai taka kwalta, ya taka burji mai kunya-kunya, ya faɗa rairayi, ya ƙare da taɓo. A irin wannan hanya ba a auna babur da iyakar gudunsa. Ana auna shi da yadda yake jan kaya daga tsaye, da yadda tayarsa ke kama ƙasa, da yadda yake jure zafin Maris da Afrilu, da yadda yake tsayawa idan aka ce ya tsaya.

Kayan da za ka tanada

Sifana daga lamba 8 zuwa 19, da sifanar fulogi, da sukundireba mai faɗi da mai tauraro, da filaya. Gejin iska naka na kanka, domin gejin masu faci da yawa ya gaji. Siraran ƙarafan nan na auna tazarar bawul da ta fulogi. Famfon hannu, da ƙaramin burushi, da kananzir, da giris, da robar lita ɗaya mai tsabta. Sai littafi da biro, da agogon wayarka. Idan littafin da kamfani ya haɗo da babur yana hannunka, lambobin cikinsa sun rinjayi duk wata lamba da zan ba ka a nan.

1. Fara da zaɓen abin hawan

Kada lambar da aka manna a jikin tanki ta ruɗe ka. Boxer ta kamfanin Bajaj mai cc 100 tana da sauƙin shan mai, kuma babu kasuwar da za ka shiga ka rasa kayan gyaranta. Wannan kaɗai ya isa ya sa ta zama sarauniyar ƙauye. 'Yar'uwarta mai cc 150 ta fi ta jan kaya a hawa da cikin rairayi, sai dai ta fi ta cin mai. TVS HLX tana cikin wannan sahu, haka ma Honda Ace 125 da ake haɗawa a Ota ta jihar Ogun. Jincheng irin ta da mai hayaƙi tana da zafin tashi, gyaranta ba wuya, amma ƙarfinta sai an ja totur sosai yake fitowa, kuma ba haka laka ke so ba. Roba-roba kuwa ka bar ta a cikin gari: cikinta na kusa da ƙasa, robobinta ba sa jure burji. Wanda ya dace da Yamaha AG200, irin wadda aka ƙera musamman don aikin gona, ya ga yadda babur ɗin jeji ya kamata ya kasance: madigadi a ɗage, sarƙa a rufe, giyar farko mai ja ƙwarai. Duk abin da za mu yi a ƙasa ƙoƙari ne na kusantar da babur ɗin kasuwa zuwa wannan siffa.

Samari kan nuna min hotunan babur mai ƙafa huɗu a waya, su ce ai wannan ne maganin hanyarmu. Abin hawa ne na gaske, ba na raina shi. Honda ta fito da mai ƙafa uku a 1970, ya yi ta kifewa da mutane har aka daina sayar da sababbi a Amurka a 1988, mai ƙafa huɗu ya gaje shi. Cikin na wasa, Yamaha Raptor 700 injinsa cc 686 ne, yana ba da ƙarfi tun daga ƙasa, shi ya sa masu hawan tudun rairayi ke son sa. Yamaha YFZ450R kuwa ƙaramin inji ne mai son a kure shi, an yi shi don tsere, kuma yana bukatar a riƙa buɗe shi akai-akai. Da a ce dole ne in zaɓa wa bakin tafki ɗaya, na farkon zan ɗauka. Amma ka duba: nauyinsa ya kai kilo 190, faɗinsa ya wuce mita ɗaya, ba ya bin 'yar turbar da ke tsakanin gonaki, ba ya shiga ƙaramin kwale-kwale, kuma mutum ɗaya aka ƙera shi ya ɗauka. Tayoyinsa na baya a kan sanda ɗaya suke juyawa tare, saboda haka a kwana dole mahayi ya karkata jikinsa ciki, in ba haka ba ya kife a kansa. Iskar tayarsa ba ta wuce lamba 4 ko 5 a geji. Mai facin da ya dura masa 30 ya shirya masa hatsari. Wanda ya sayo ɗan Kwatano zai iya bin matakan da ke ƙasa, ban da na kafureta, don waɗannan biyun na'ura ce ke ba su mai.

2. Ware filin gwaji kafin ka taɓa ko da kusa ɗaya

Wannan mataki ne kowa ke tsallakewa, shi ya sa gardamar bakin gareji ba ta ƙarewa. Nemi hanya maras mutane da dabbobi, wadda ke da ɗan hawa da ɗan rairayi. Sa alama a farko da ƙarshe. Ɗora kayan da ka saba ɗauka, ka sa hular kwano, ka tashi daga tsaye sau uku, wani na duba agogo, ka rubuta. Sannan ka auna mai: juye tanki, zuba lita ɗaya, ka ga kilomita nawa za ta kai ka a hanyar da ka saba bi. Daga nan duk gyaran da za ka yi, ɗaya-ɗaya za ka yi shi, ka dawo filin nan ka sake aunawa. Wanda ya canza abu uku rana ɗaya ba zai san wanne ya taimaka wanne ya cuce shi ba. Kunne kuma maƙaryaci ne: babur mai ƙara kullum ji ake kamar ya fi gudu.

3. Tabbatar inji lafiyayye ne

Ba a saita inji maras lafiya. Juye baƙin mai yana da ɗumi, ka zuba sabo mai lamba 20W-50 wanda aka yi don babur. Dalili shi ne kulocin waɗannan babura a cikin man yake iyo, kuma wasu mayukan mota na zamani suna da santsin da ke sa shi zamewa. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba ka san daga wace durom ya fito ba, araha ce da ba ta ado. Mai yawan bin ƙura da ruwa ya riƙa juyewa tun kafin lokacin da littafi ya faɗa.

Fulogi: tazarar bakinsa wajen milimita 0.6 zuwa 0.7. Bawul kuwa sai inji ya huce sarai, an fi son da safe kafin a tayar da shi. Ƙananan injuna tazararsu takan kama daga milimita 0.05 zuwa 0.10. Yaran gareji suna son matse bawul har ƙarar ta ɗauke don mai babur ya yaba musu. Kuskure ne babba. Ƙarfe na buɗewa idan ya yi zafi. Bawul ɗin da ba shi da tazara ba zai rufe sosai ba, sai ƙarfi ya zube, wuta ta ci bakinsa. 'Yar ƙara kaɗan ta fi shirun da ke kai ka ga buɗe kan inji.

4. Soson iska

Ƙurar hunturu gari ce mai laushi, amma dutse ne aka niƙa. Idan ta shiga inji ita ke cinye ringi da bangon silinda, cikin 'yan watanni babur ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai. Idan matatarka ta soso ce, wanke ta da kananzir, ka matse ba tare da murɗawa ba, ka shanya, sannan ka ɗiga mata baƙin mai mai tsabta ka matse har ya ratsa ko'ina. Man shi ke kama ƙurar. Busasshen soso rariya ce kawai. Idan ta takarda ce, ba a wanke ta, ba a sa mata mai, canzawa ake yi. Shafa giris a gefen murfin, ka duba robar da ta haɗa akwatin da kafureta ko ta tsage. Da hunturu duba soson duk mako.

5. Kafureta

Tun da aka janye tallafin mai a 2023 wata ɗabi'a ta yaɗu: a kai babur a ce wa makaniki ya matse shi don ya rage sha. Na san halin da ake ciki, ba kuma na ganin laifin mai neman sauƙi. Amma fetur ɗin da ke shiga inji ba ƙonewa kaɗai yake yi ba, yana sanyaya cikinsa. Injin da iska ce kaɗai ke sanyaya shi, ga zafi ya haura digiri 40, ga kaya, ga tafiya a giya ta biyu cikin rairayi inda iskar ba ta kaɗa shi, sannan an rage masa mai: fistin zai kama. Kuɗin fistin da ringi da gyaran silinda ya ninka ɗan abin da aka tara.

Ka fara da tsabta. Kwance ƙaramar kusar da ke ƙasan kwanon kafureta ka tsiyaye abin da ya kwanta, musamman idan kana sayen man 'yan bumburutu, wanda galan ɗinsu kan tara ruwa da datti. Wanke jet da iska ko fetur. Kada ka zura masa waya ko allura. Ramin ya faɗaɗa ko da kaɗan, saitin ya tafi ke nan.

Ka san rabon aikin. Kusar saiti da ƙaramin jet su ke mulki daga silo zuwa rubu'in totur. Allura ta karɓa daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu. Babban jet sai an kure. Mafi yawan tafiyarmu a kashi biyun farko take, saboda haka sauya babban jet ba ya magance matsalar yawancin mutane. Kuma bakin tafkin nan bai fi mita 140 da ɗoriya daga doron teku ba, ba tsaunin Jos ba ne, jet ɗin da kamfani ya sa ya dace da iskarmu.

Yi tafiyar minti goma inji ya yi zafi. Murɗa kusar saiti ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ta taɓa, kada ka danne ta, bakinta siriri ne. Rubuta adadin, ka mayar da ita inda take. Sai ka riƙa juya ta rubu'i-rubu'i kana saurare, har ka samu inda silo ya fi ɗagawa ya kuma daidaita. Galibi tsakanin zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi ake samunsa. Idan kusar tana gefen inji kuma sai ka wuce uku, ƙaramin jet ya toshe ko iska na satar hanya. Lura da wurin da kusar take: idan tana gefen inji, fito da ita ƙarin mai ne, idan tana gefen akwatin iska, fito da ita ƙarin iska ne. Daga nan ka sauke silo da ɗaya kusar zuwa inda inji ke bugawa a natse ba ya mutuwa.

Fulogi ne shaidarka. Bayan tafiya mai kyau ka cire shi: ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya lau, baƙi mai kunkunniya, mai ya yi yawa, fari fat, mai ya yi kaɗan, ka tsaya ka gyara. Idan ka saki totur inji ya daɗe bai sauko ba, ko salansa na tartsatsi a gangara, shi ma ƙarancin mai ne. A nan ne hudajjiyar salansa da cire soso ke yin ta'asarsu, domin dukansu iska suke ƙarawa ba tare da mai ba.

6. Sifiroket da sarƙa

Duk cikin gyare-gyaren nan babu wanda ke canza halin babur da kuɗi kaɗan kamar wannan. Ƙirga haƙoran na gaba da na baya, ka raba na baya da na gaba. A ce na gaba 14 ne, na baya 42: amsa 3, wato sifiroket na gaba zai juya sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. Sa na gaba mai 13, amsa ta koma 3.23. Ko ka bar na gaba ka sa na baya mai 45, ta koma 3.21. Ka ga haƙori ɗaya a gaba daidai yake da uku a baya. Abin da ka samu shi ne ƙarin ja na kusan kashi 7 cikin 100 a kowace giya. Abin da ka bayar shi ne kusan haka daga iyakar gudu. Babur ɗin da ke kaiwa 90 zai tsaya wajen 84.

Ga mai jigilar kifi ko shinkafa daga bakin ruwa, wannan ciniki riba ce zalla. Gudun 90 ɗin nan yaushe ka taɓa yin sa a hanyar Wara da kaya a baya? Amma tashi daga cikin rairayi kullum ne. Da ƙarin jan, ba sai ka riƙe rabin kuloci kana kure totur ba, kuma rabin kuloci shi ke ƙona faranti. Sau da yawa ma shan mai ba ya ƙaruwa a burji, don inji ya daina wahala. Wanda aikinsa duka kan kwalta ne, Yelwa zuwa Koko da dawowa, shi ya bar na kamfani yadda yake. Kada ka sauka ƙasa da 13 a gaba, sarƙa na lanƙwasa da yawa ta ci kanta. Babban na baya ya fi alheri, sai dai ka duba ko zai shiga murfin sarƙa, ko kuma zai bukaci ƙarin gaɓa.

Canza sarƙa da sifiroket biyun a tare. Tsohon haƙori mai ƙugiya yana lalata sabuwar sarƙa cikin makonni. Sakinta milimita 20 zuwa 30 a tsakiya, kuma ka juya taya ka auna a inda ta fi tsauri. Sarƙar da aka ɗaure tamau tana cin boris ɗin giya, domin idan kaya suka danne babur ƙara miƙewa take yi. Daidaita alamun da ke gefe biyu na ƙafar baya su zo ɗaya. Maƙallin gaɓar haɗi, rufaffen bakinsa ya fuskanci inda sarƙa ke tafiya. Murfin sarƙa kuma, wanda samari ke cirewa don gayu, ka mayar da shi: mai da rairayi in sun haɗu dutsen wasa wuƙa suke zama.

7. Taya

Sa mai manyan ƙuraje a baya, mai matsakaita a gaba, ka bi kibiyar da ke gefenta. A kwalta iskar ta zama wajen 25 a gaba, 28 a baya, 32 idan da kaya. A doguwar hanyar rairayi, in babu kaya masu nauyi, sauke zuwa 18 ko 20 don tafin taya ya baje. Kada ka wuce nan, taya za ta zame a kan rim ta tsinke bakin tib. Da ka hau kwalta ka mayar da iskar, dalilin famfon hannu ke nan.

Lakar bakin tafki mai danƙo ce. Takan cushe tsakanin taya da madigadin gaba har tayar ta daina juyawa, mahayi ya faɗi bai san dalili ba. Ɗaga madigadin da ɗan yatsa biyu, ka tabbatar bai taɓa komai ba idan shoka ta nutse. Bubbuga wayoyin rim da sifana. Wadda ta yi amo maras daɗi ta saki, ka ɗaure.

8. Shoka da lodi

Shokar baya tana da matakala, galibi biyar. Sa ta inda, idan ka hau da kayanka, za ta nutse kashi ɗaya cikin uku na tafiyarta, kuma dama da hagu su zama mataki ɗaya. Masu walda wa kariya ƙarin tsawo su sani cewa duk kayan da ya wuce tsakiyar tayar baya ɗaga tayar gaba yake yi, sai kai ya riƙa rawa a rairayi. Matso da nauyi kusa da bayanka, ka raba shi gefe biyu.

9. Burki

Wasan hannun gaba milimita 10 zuwa 20, na ƙafa 20 zuwa 30. Idan kibiyar da ke jikin hannun gangar burki ta kai alamarta, shu ya ƙare. Ƙara ɗaure goro ba zai dawo da shi ba. Akwai masu kwance burkin gaba gaba ɗaya don tsoron faɗuwa. A kan kwalta shi ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa. A rairayi da laka ne ake sassauta masa hannu a dogara da na baya da giya.

10. Ruwa da kwale-kwale

Ka san tsayin bakin akwatin iskarka. Ruwan da ya kusa kai nan ba na shiga ba ne. Sauka ka taka da ƙafa tukuna. Idan babur ya mutu a cikin ruwa, kada ka taka kik. Ruwa ba ya matsuwa, bugu ɗaya zai lanƙwasa sandar fistin. Tura shi tudu, cire fulogi, kashe makulli, ka yi ta taka kik har ruwan ya gama fita ta ramin. Matse soso, tsiyaye kwanon kafureta, ka duba baƙin mai: idan ya koma kalar shayi mai madara, juye shi kafin a yi nisa, ka sake juyewa bayan 'yar tafiya. Ko babur bai mutu a ruwa ba, gangar burki ta jiƙe, sai ka yi tafiya a hankali kana ɗan taka shi har ya dawo kamawa.

Idan za ka tsallaka, ko a mashigar Zamare zuwa Rofia ko wata, rufe famfon mai tun kana tudu, ka bar inji ya shanye abin da ke cikin kafureta, salansa ta huce kafin a ɗora. Babur ya tsaya a giya, a ɗaure shi a tsakiyar jirgi, nesa da jarkokin fetur. Jirgin da ka ga bakinsa ya kusa shafar ruwa saboda lodi, ka jira na baya, ka kuma nemi rigar ruwa ka sa. Da kun sauka, kafin ka tayar, duba sarƙa da matsayin baƙin mai, don idan an kwantar da babur a hanya man kan gangara cikin akwatin iska ya jiƙa soso.